Duk Faɗin Hamadar Saudiyya, Ta Yaya Wurin Binne Shara Zai Cika?

Duk lokacin da baladiyya, wato hukumar birni, ta fito da sabon sharaɗi a kan zibala, wato shara, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun 'yan'uwanmu na Makka da Jidda da Madina: ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, ninki biyun Nijeriya har da ɗori, kuma galibinta rairayi ne da duwatsu, ta yaya za a ce tana neman rasa inda za ta zuba shara? Wasu na ganin hanya ce kawai ta cin mutane tara. Wasu kuma na cewa ai daji ba ya cika, a ƙara gaba kaɗan a zuba.

Tambayar tana da kan gado, sai dai an gina ta a kan zaton cewa wurin binne shara fili ne kawai. Ba fili ne ke ƙarewa ba. Rami ne da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina shi, mai iyakar abin da zai iya ɗauka.

Mardam ba juji ba ne

Jujin da muka sani a gida kango ne a bayan gari: kowa ya zuba, awaki su tona, a cinna masa wuta in ya yi tudu, gab da damina manomi ya kwashi taki. Abin da ake kira mardam a nan Saudiyya, wato ramin binne shara, ya sha bamban da wannan.

Ana fara haƙa rami ne a daidaita gindinsa da ɗan gangare. Sai a daɓe shi da yumɓu mai kaurin kamar santimita 60 zuwa mita guda, a shimfiɗa wata baƙar roba mai tauri, kaurinta milimita 1.5 zuwa 2, a liƙe gaɓoɓinta da zafi yadda ko ɗigo ba zai wuce ba. A kan robar ake zuba tsakuwa da bututai masu huji domin su tattara ruwan da ke tsatsowa daga ruɓaɓɓiyar shara, wanda injiniyoyin nan ke kira usara. Baƙin ruwa ne mai ɗoyi, ɗauke da gishiri da ammoniya da ɓurɓushin ƙarafa masu guba. In robar ta yage, ko bututan suka toshe ruwan ya taru ya yi nauyi a kanta, sai ya zurara ƙasa ya tarar da ruwan rijiya. A ƙasar da ba ta da ko kogi ɗaya mai gudu duk shekara, gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ƙaramar hasara ba ce, kuma in ya gurɓata babu mai iya wanke shi cikin sauƙi.

Kowace rana katafila mai ƙafafun ƙarfe na bin sharar tana dannewa, da yamma a rufe ta da ƙasa mai kaurin kamar santimita 15 saboda ƙuda da ɓera da wari da gobara. Can ciki, inda iska ba ta shiga, abinci na ruɓewa yana fitar da gas wanda kusan rabinsa mitan ne, wato babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa. Mitan kan fashe da wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri, shi ya sa ake kafa rijiyoyin zuƙo shi a ƙone ko a yi lantarki da shi. Gobarar cikin mardam kan yi makonni tana ci ta ƙarƙashi, ba a ganin harshenta sai hayaƙi. Ko bayan an rufe wurin, sai an ci gaba da lura da gas da usara shekaru masu yawa. A Amurka ƙa'idar ita ce shekara 30.

Yadda ake lissafin cikarsa

Bari mu yi misali da gari mai mutum miliyan 2, kowa na fitar da kilo ɗaya da rabi a rana, wanda bai yi nisa da abin da ake samu a manyan biranen ƙasar nan ba. Tan 3,000 ke nan kullum. In an danne ta da kyau, kamar kilo 800 ke shiga mita kubik ɗaya, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita guda ne. Sharar yini ɗaya za ta ci mita kubik 3,750. A ƙara kashi 20 cikin 100 na ƙasar rufi, ya zama 4,500. A shekara ya haura miliyan 1.6.

To, a ce an gina rami mai tsawon kilomita ɗaya, faɗin rabin kilomita, zurfi da tudu mita 20. Zai ɗauki mita kubik miliyan 10. Shekara shida da kamar wata guda ya cika. In ɗan kwangila ya yi sakaci da dannewa har kilo 600 ne kawai ke shiga kowane mita kubik, shekara huɗu da rabi an gama da shi. In kuwa aka iya janye kashi 40 cikin 100 na sharar tun kafin ta iso, ramin zai kai kusan shekara goma. Wannan lissafin shi ne gindin duk surutun da ake yi a kan sake sarrafa shara.

Sai batun “a ƙara gaba kaɗan”. Kowace kilomita da aka ƙara, kuɗin mai ne da tayoyi da albashin direba, sau ɗaruruwan motoci kullum. Motar da ke sawu uku a rana sai ta koma biyu, dole a ƙaro motoci ko a gina tashoshin juye kaya inda ƙananan motoci ke zubawa manyan tireloli su ɗauka. Kuma ba kowane daji ne ya dace ba. Yankin Hijaz duwatsu ne da kwaruruka, kwarin da ya shekara a bushe kan cika da ruwa cikin sa'a guda. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka sama da 100, ya san abin da ruwan kwari ke iya ɗaukowa. Ba a kafa mardam a bakin irin wannan hanya. Na kusa kuma gari ke cim masa: mardam ɗin Sulay a kudu maso gabashin Riyad a da bayan gari ne, yau gine-gine da ma'ajiyoyin kaya sun matso shi.

Wa ke da alhakin me

Kwashe shara daga titi aikin babbar hukumar birni ne, wadda ake kira amana, da baladiyyoyin da ke ƙarƙashinta, kamar Amanatul Asimatil Muƙaddasa a Makka da Amanar Jidda. Su kuma ba da hannunsu suke yi ba, kamfanoni suke ba kwangila ta wasu shekaru. Tsawon lokaci ma'aunin nasara ɗaya ne: titi ya kwana fes, hawiya, wato babban mazubin shara na bakin titi, ta wayi gari babu komai. A wannan fannin an yi ƙoƙari ƙwarai. Amma kwangilar da ke biyan kamfani don ya kwashe ya kai rami ba ta ba shi dalilin tsayawa ya ware kwali daga shinkafa.

Gyaran ya biyo bayan Hangen 2030, shirin sauya fasalin tattalin arzikin ƙasar da aka ƙaddamar a 2016. A 2017 asusun zuba jari na gwamnati ya kafa kamfanin SIRC don zuba kuɗi a sana'ar sake sarrafa shara. A 2019 aka kafa cibiyar kula da sharar ƙasa, wadda ake kira Mawan, ita ke ba da lasisi da tsara ƙa'ida. A 2021 aka fitar da sabuwar dokar shara, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ko tarar da za ta iya kai riyal miliyan 30 ga wanda ya zubar ko ya ƙone ko ya adana shara ta yadda za ta cutar da lafiyar jama'a ko muhalli. Wannan hukunci mafi tsanani ba don uwar gidan da ta ajiye leda a gefen hawiya aka yi shi ba. An fi nufin masu juye sharar asibiti ko ta masana'anta a kwari da tsakar dare.

Burin da aka sanar shi ne kafin 2035 a karkatar da kashi 82 cikin 100 na shara daga mardam, a Riyad kuwa kashi 94. Buri ne babba, domin har yanzu mafi yawan sharar gidaje binne ta ake yi.

Inda gizo ke saƙar: ragowar abinci

Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 33 cikin 100 na abinci na salwanta, kimanin tan miliyan 4 a shekara, darajarsa kusan riyal biliyan 40, wato kamar kilo 184 a kan kowane mutum. Kusan rabin abin da ke cikin hawiyar unguwa abu ne mai ruɓewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan zauren biki bayan an tashi ya gani: manyan farantan mandi da kabsa, an ɗan tsattsaga naman sama, shinkafar tana nan tudu guda da maiƙonta, a naɗe ta cikin ledar shimfiɗa tare da cokulan roba da gwangwanayen lemo da robobin ruwa da ba a shanye ba, a ɗaure a jefa.

Wannan ƙunshin guda ɗaya ya yi ɓarna uku. Shi ne ke haifar da usara da mitan a mardam. Shi ne ke sa hawiya wari cikin 'yan sa'o'i a zafin da ke haura digiri 45, har ya zama dole a riƙa kwashewa kullum. Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne yana kashe darajar duk abin da ya taɓa. Busasshen kwali kuɗi ne. Akwai masana'antar takarda ta MEPCO a Jidda da ke mayar da tsohon kwali sabo. Amma kwalin da ya sha romo da mai, zarensa ya lalace, babu mai saye. Motar shara kuma matse kaya take yi, don haka leda ɗaya ta miya in ta fashe a ciki sai ta shafi kwalin layi guda.

Shi ya sa injin tantancewa kaɗai ba ya warware matsalar. A irin wannan masana'anta ana yaga ledoji, a bi da shara ta cikin wata babbar ganga mai huji tana juyawa don ƙananan abubuwa su zube, maganaɗisu ya janye ƙarfe, wani injin ya ture alminiyam gefe, ma'aikata a bakin bel su tsince roba da kwali. In sharar a cakuɗe ta zo kuma a jiƙe, abin da ake tsira da shi kaɗan ne, takin da ake yi da ragowar kuma yakan fito da ɓurɓushin gilashi da leda, manomi ya ƙi karɓa. Takin kirki na buƙatar ragowar abinci zalla, a gauraya da busasshen ganye ko dusar katako, danshi ya tsaya kashi 50 zuwa 60 cikin 100, zafin tsibin ya kai digiri 55 na aƙalla kwana uku don ƙwayoyin cuta su mutu, ana juyawa don iska ta shiga. In aka bar shi ya jiƙe sharkaf ba juyi, sai ya koma ɗoyi da tsutsa.

A ganina, duk tsarin da bai fara daga ɗakin girki da bayan gidan abinci ba, kashe kuɗi ne a wutsiya an bar kai. An gwada tsarin hawiya biyu a wasu unguwannin Riyad, ɗaya ta busassun kaya, ɗaya ta sauran. Abin da ke karya irin wannan tsari sananne ne: ranar da mazauna suka ga mota ɗaya ta juye hawiyoyin biyu a ciki guda, daga ranar sun daina wahalar da kansu. Abincin da bai lalace ba kuwa bai ma kamata ya kusanci hawiya ba. Ƙungiyoyin hifzun ni'ima, wato masu hana abinci salwanta, irin su bankin abinci na Iɗ'am, suna zuwa wurin biki su zuba abin da ba a taɓa ba a mazubai masu tsafta su rabar, in an sanar da su tun kafin ranar. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun muna yara aka hana mu taka ƙwayar hatsi.

Makka daban take

Babu birnin da sharar sa ke hawa da sauka kamar Makka. A 2024 mutum sama da miliyan 1.8 suka yi aikin Hajji, kuma ƙasar na da burin karɓar masu Umra miliyan 30 a shekara kafin 2030. A kwanakin Mina motar shara ba ta iya kutsawa cikin cunkoso, don haka ake ajiye injinan matse shara da rumbunan ƙarƙashin ƙasa su riƙe kayan har alhazai su watse. Ana iya hasashen abin da kwana uku na zafi ke yi wa ragowar abinci a rufe.

Amma sharar Hajji da ta azumi tana da wani sauƙi da ta unguwa ba ta da shi: iri ɗaya ce, a wuri ɗaya, a hannun kamfanoni ƙidayayyu. Robar ruwa ce, kwalin abinci, ledar shimfiɗar buɗa-baki, harami da aka cire aka bari. Mai kula da hema in an ba shi buhu biyu aka sa sharaɗin a kwangilarsa, zai iya warewa. Kuma an taɓa yin irin wannan gyara a nan. Kafin 1983 naman hadaya mai yawa a Mina binne shi ake yi ko ya ruɓe a ƙasa. Da aka kafa shirin Adahi a wannan shekarar ƙarƙashin kulawar bankin Musulunci na raya ƙasashe da ke Jidda, sai ya zama ana yankawa a mayanka, a daskarar, a raba wa mabuƙata a ciki da wajen ƙasar.

Masu tsintar gwangwani

Akwai waɗanda suka riga kowane kamfani fara ware shara, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa cikinsu akwai 'yan'uwanmu, musamman mata masu shekaru. Da asuba za ka gan su da keken jarirai da ya tsufa ko amalanke, an ɗaure kwali a kai da tsumma, buhun gwangwanin lemo na rataye a gefe, sanda mai ƙugiya a hannu. Daga nan sai wurin masu sikrab, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa da makamantansu, a auna a kilo. Sun san kasuwar sarai: alminiyam da jan ƙarfe ne kan gaba, domin narkar da tsohon gwangwani na cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na wutar da ake buƙata wajen yin sabo, sai baƙin ƙarfe da kwali, robar ruwa mai lamba 1 a gindi da jarka mai lamba 2 na da masu saye amma ba su da nauyi, farin soso na zuba abinci da siririyar leda kuwa ba mai waiwayarsu.

A wajen baladiyya tonon hawiya laifi ne, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Ana yaga ledoji a bar shara a warwatse, kyanwoyi da ƙuda su taru. Mai tonon na iya gamuwa da allura ko fasasshen gilashi. Ana tara kwali a gidajen haya ko kangaye, gobara ta tashi. Kamfanin da ya zuba miliyoyi a injin tantancewa kuma yana lissafi ne da alminiyam ɗin da aka riga aka tsince kafin motarsa ta iso. A ɗaya gefen, wannan tsintar ita ce abincin gidaje da yawa, kuma shekara da shekaru ita ce ta hana dubban tan na ƙarfe da kwali shiga rami. Kora kaɗai ba ta taɓa kawar da wannan sana'a a ko'ina ba, sai dai ta mayar da ita cikin dare. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne wuraren saye masu lasisi a unguwanni, da sikeli da farashi a bayyane, sannan a ɗauki masu takardun zama aiki a wuraren tantancewa da safar hannu da takalmi. Kafin nan, mai gida zai iya rage musu haɗari da abu mai sauƙi: gwangwani a leda daban, kwali a ninke a ɗaure, fasasshen gilashi a naɗe shi a takarda.

A ƙone ta a samu lantarki mana?

Maƙwabta sun bi wannan hanya. Sharja ta buɗe tasharta a 2022, mai cin tan 300,000 a shekara, ta Warsan a Dubai kuma na cin kusan tan miliyan 1.9 tana ba da megawat 200. Ƙonewa na rage girman shara da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai dole wutar ta kai digiri 850 kuma a tace hayaƙin, in ba haka ba guba ce ke fita. Jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta ci da wuta, sai an ƙara mata mai. Tokar da ake tacewa daga hayaƙi sai an binne ta a rami na musamman. Tashar kuma in an gina ta, shekara 25 ko fiye tana neman a ciyar da ita kullum, har ta fara gogayya da masu sake sarrafa roba da kwali, tunda su ne suka fi ci da wuta. Inda ta dace shi ne a kan abin da ya rage bayan an ware. Masana'antun siminti ma na iya ƙona busasshiyar shara da aka daddatsa a maimakon wani kaso na mai.

Ɓaraguzan gini su ne suka fi kowace shara nauyi, rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil daga ƙarshen 2021 ya nuna haka. Sa'ar ita ce su suka fi sauƙin sarrafawa: a cire rodi, a niƙa kankare, a yi cikon hanya da shi.

Abin da zai iso ƙofar talaka

Mai shago ko gidan abinci ya riga ya san kwangilar nazafa, wato ta kwashe shara, da ake nema wajen lasisin baladiyya, mai gini ko gyaran gida kuma ya san dole ya yi hayar hawiyar ɓaraguzai. Tunda dokar 2021 ta ɗora wa mai fitar da shara nauyin abin da ya fitar, ana iya sa ran waɗannan sharuɗɗa su ƙara tsauri, kuma kuɗin zai biyo ta farashin kaya da na haya. Gidajen zama ba su saba ganin takardar kuɗin shara daban ba. In har za a kawo ta wata rana, ya kamata a duba gidan da mutum goma ke zaune a ɗaki uku, kada a auna shi da ma'aunin otal.

A yanzu dai, yar da shara a inda ba a tanada ba na jawo tarar riyal 500 a ƙarƙashin ƙa'idar ɗa'ar jama'a ta 2019, jefo abu daga mota kuma laifi ne a dokar hanya. Hawiyar da ta cika ba a kwashe ba, ko motar da aka gani tana juye ɓaraguzai a kango, ana kai ƙararta ta lamba 940 ko ta manhajar Balady da hoto. Batirin waya da na fawabank da ƙananan gwangwanayen gas na girki kada a jefa su cikin hawiya ko kaɗan: in injin motar ya matse su wuta suke kamawa, ma'aikata biyu kuma na tsaye a bayan motar.